Zaren Awo

Zuwa ga Yaya Mai Ɗinki, shugabar keke da almakashi, mahaifiyar Allura.

Gaisuwa mai nauyin da sai direban da zai kawo ta ya rage kaya, daga ƙaninki Ƙamus, wanda har yau masana ba su gama tantance yadda muka haɗa jini ba, illa dai kakarki da kakata ciki ɗaya suka fito, wannan kuwa ya ishe ni hujjar cin abincin gidanki shekara biyu lokacin da nake karatu. Ina lafiya, in ban da tawadar ɗab'i da ta yi rantsuwa ba za ta bar farcena ba. Yaya jikin Allura? Ina fata sikilar ta yi mata sassauci a daminar nan, idon ya washe, gaɓoɓin sun yi shiru.

Bayan haka, takardarki ta iso, na kuma amsa laifina. Ni na naɗe littattafan da na aiko wa Allura da takardar tallar wani filin wasan yara, wadda muka buga a maɗaba'ar da nake aiki, ta ga hoton Jirgin Guguwa yana hawa sama yana gangarowa, yanzu ba ta da zance sai shi. Kin ɗora mini nauyin binciko lokacin da ya fi dacewa a kawo yarinya mai irin larurarta. Na karɓi wannan muƙami cikin ƙanƙan da kai, na ziyarci filin sau uku, ga abin da kwamitina mai mutum ɗaya ya gano.

Damina ta faɗi jarrabawa. Layin shiga ba shi da rufi, kujerun jirgin na ƙarfe ne, ruwa yana kwana a cikinsu, kuma hadari ba ya aiko da takardar sanarwa. Lokacin sanyi ya fi ta muni, domin jirgin yana tsaga iska da gudun da ko mai cikakkiyar lafiya sai haƙoransa sun yi gardama da juna. Lokacin zafi kuwa, daɓen filin siminti ne tsantsa, inuwa ta yi hijira, famfon sha guda ɗaya ne, shi ma a can ƙarshen duniya kusa da wurin ajiye motoci. Hutun makaranta ba na ma sa shi a lissafi: na ga hotunan bara, mutane kamar an zazzage buhu.

Abin da ya rage shi ne 'yan makonnin nan da ruwa ya ɗauke, sanyi bai iso ba, yara sun koma aji. Wato yanzu. Wata dattijuwa mai share filin, wadda ta shekara goma sha ɗaya tana wannan hidima, ta ce mini, "Ɗan nan, ka zo ranar Talata da hantsi, ko layi ba za ka gani ba. Masu jirgin har roƙon mutane suke su hau."

Sai dai akwai wani babban jami'i da ban ambata ba. A ƙofar Jirgin Guguwa an kafa raƙumin dawa na katako, ya sunkuyo da wuyansa. Duk yaron da kansa bai taɓa haɓarsa ba, ba ya hawa. Mai tsaron ƙofar mutum ne da fuskarsa ba ta taɓa jin labarin dariya ba. A gabana wata yarinya ta yi ɗage, ya sa yatsa ɗaya a kafaɗarta ya mayar da ita ƙasa, ya ce, "Baɗi." Ba a rubuta lamba a jikin raƙumin ba, don haka na auna shi da zare daga ƙasa zuwa haɓa, na ƙulla bakin. Ga shi cikin ambulan. A gwada mai girma Allura da shi kafin a ɗaure kaya, kada a sha doguwar hanya a zo a sha kunya a gaban katako.

Naki, mai biyayya a duk lokacin da kina kallo,
Ƙamus


Ƙamus,

Na amsa gaisuwa. Rabin takardarka sai da na karanta sau biyu, ɗaya rabin na bar wa masanan naka. Muna lafiya. Wata biyu ke nan ba mu kwana asibiti ba, alhamdu lillahi, sai ɗan ciwon gwiwa jefi-jefi.

Zare ya iso. Na kafa ƙusa a bangon shago, bayan keke, na daidaita ƙasansa da daɓe. Ta cire takalmi ta tsaya. Saura inci biyu. Na sake aunawa da tef ɗina, inci biyu ne cif.

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta tsaya tana kallon ƙullin nan, can ta ce, "Umma, mutum inci nawa yake yi a wata?" Na ce ya danganta da cin abinci. Ka san irin maganarmu ta iyaye. To tun ranar take cinye kwanonta har ta leƙa nawa. Kullum da safe kafin makaranta sai ta tsaya a bangon nan, ni kuma in ɗora rula a kanta. Masu kawo ɗinki har sun saba, suna shigowa suna cewa, "Allura, yau an kai?" Ita kuma ta ce, "Ana hanya."

Na tambayi likitanta. Ya ce in babu zazzaɓi, ta sha ruwa sosai, ba sanyi ba rana mai tsanani, a bar ta ta je, yarinya ce ba kwalba ba.

Wannan lokacin da ka ce ya fi kyau zai wuce mu. Sai yaushe kuma? Ka ba ni amsa a layi ɗaya in za ka iya. Shekararta goma, amma wanda bai sani ba bakwai zai ce, kuma ka san yadda masu ciwon nan suke jinkirin tsawo. Ba na son in yi mata alkawarin da zan riƙa ɗagawa.

Yayarka


Zuwa ga Yaya, wadda ta nemi layi ɗaya daga mutumin da ko atishawarsa sakin layi ce.

Ina gaishe ki, ina gaida ma'abuciyar bango da rula. Lafiyata ƙalau. Sanyi ya fara leƙowa nan, har injin ɗab'inmu sai an lallashe shi da safe.

Amsar tambayarki: akwai wata 'yar taga tsakanin tafiyar sanyi da isowar zafi, mako biyu ko uku, nan da wata huɗu. Amma kwamiti yana ba da shawarar kada a dogara da ita, domin wasu shekarun zafi yakan shigo ba sallama. Mafi aminci shi ne ƙarshen daminar baɗi. Shekara ɗaya ba komai ba ce a tarihin duniya.

Kuma ina da wani ƙudiri da nake roƙon majalisa ta duba. A sauke zaren nan daga bango, a naɗe shi, a sa a aljihun keke tare da tsofaffin maɓallai. Bai kamata yarinya ta fara kowace safiya da faɗuwa jarrabawa ba. Ban da haka, filin yana da abubuwan da ba ruwansu da raƙumi: akwai dawakan katako masu zagayawa a hankali cikin kiɗa, akwai ɗakin madubai inda na ga kaina da ƙiba a karon farko a rayuwata, har na yi wa kaina murna. Waɗannan ana iya zuwa musu kowane lokaci mai kyau, ba sai an kai ko'ina ba.

Yaya, na tsaya a ƙarƙashin jirgin nan na kalli fuskokin masu saukowa. Wasu suna dariya, wasu sai an riƙe su. Na ƙirga, daga ƙofar filin zuwa asibiti mafi kusa minti ashirin da biyar ne in hanya a buɗe take. Ban san dalilin da ya sa na ƙirga ba. A dai sauke zaren.

Ƙaninki,
Ƙamus


Ƙamus,

Muna lafiya. Na faɗa mata zancen dawaki, ta ce a gaya wa Kawu Ƙamus shi ya hau, tunda shi ne jariri. Zaren kuma ta ce wanda ya taɓa shi ba ita ba shi.

Ta sa wa ranta wannan tagar taka ta wata huɗu. Ta ƙaru da rabin inci, ko kuma tef ɗina ne yake tausaya mata. 'Yan kwanakin nan tana riga ni fita tsakar gida da sassafe, wai motsa jiki take. Na ce ta riƙa sa rigar sanyi. Aiki ya yi mini yawa, kayan makaranta guda sittin nake ɗinkawa, sai na sake rubutowa.

Yayarka


Zuwa ga Yaya.

Gaisuwa, tare da ƙorafi a hukumance. Mako biyar ke nan direba yana zuwa hannu rabbana. Na aiko takarda biyu, ko "mun gani" ban samu ba. Da farko na yanke hukuncin cewa kayan makaranta sittin sun haɗiye ki. Daga baya na ce wataƙila fushi ake da ni a kan dawaki, na shirya jawabin neman afuwa mai shafi uku.

Jiya na tare direba a inda yake sauke kaya. Ya ce shagonki a rufe yake, sati biyu a jere, ya zura takarduna ta ƙarƙashin ƙofa. Na ce bai tambayi kowa ba? Ya ce, "Ni kaya nake kaiwa, ba ni da lokacin bin gidaje." Na buga wayar mai kantin maganin da ke kusa da ku sau shida, tana ta ƙara ba mai ɗagawa.

Tun da na san ki, ban taɓa ganin kin rufe shago sati biyu ba, sai sau ɗaya. Kin san lokacin da nake nufi.

Na roƙi direba ya bi ta gida wannan karon. Ki rubuto ko kalma ɗaya ce. Ki ba shi saƙon baki in ba ki da sukunin rubutu. Yau na jera shafi guda a juye, mai gidanmu ya buga kwafi ɗari biyu kafin ya lura, ya tambaye ni ko lafiya, na rasa kalmar da zan ba shi, ni da ake kira Ƙamus.

Ƙaninki


Yaya,

Direba ya dawo. Ya ce ya bi ta gida, ya ga mata zaune a ƙofa a kan tabarma, ya ji nauyin tsayawa, ya wuce. Na tambaye shi su nawa, ya ce bai ƙirga ba. Na ce suna kuka? Ya ce bai duba ba. Na riƙe masa riga har sai da mutane suka shiga tsakani.

Mai gidanmu ya ce ba zai sake ni ba sai mun gama aikin da ke kan inji, ranar Asabar. Zan taho ran Lahadi. Amma ba zan iya shigowa gidanki da abin da ke cikina ba, gara takarda ta riga ni.

Zaren da na aiko ba tsawon raƙumin ba ne. Na auna daidai, na kama wurin da yatsa, sannan na matsa sama da faɗin yatsu huɗu na ƙulla. Inci uku na ƙara. Ranar da Allura ta fara tsayawa a bangon nan, ta riga ta wuce haɓar raƙumin da inci ɗaya.

Ban yi don mugunta ba, amma wannan ba hujja ba ce. Ina tsaye a gaban katakon nan da zare a hannu, sai Maɓalli, yayar Allura, ta faɗo mini a rai. Ke ba ki taɓa ɗora mini laifin rasuwarta ba, ko da kallo. Amma ni na goya ta a wuya na kai ta kallon ƙwallo ranar nan, ni na ga hadari na ce ba zai sauko ba, ni na dawo da ita a jiƙe tana dariya tana rawar sanyi. Bayan kwana uku ciwon ya kama ƙirjinta. Shekararta takwas. Shekara biyar ke nan, duk ranar da aka yi ruwa sai na ji nauyinta a wuyana. Da kika ce za ki kawo mini ƙanwarta, mai ciwo iri ɗaya, in kai ta wurin da ake jefa mutane sama, sai na ga ba zan iya cewa a'a ba, ba zan kuma iya cewa to ba. Na bar zare ya faɗa a madadina. Na ce a raina shekara ɗaya ce kawai, kafin nan ta manta.

Duk lokutan shekarar da na yi ta kushewa, gaskiya na faɗa a kansu, amma ko da an sami wata na goma sha uku mara aibi, da na nemo masa.

Ban san wa zai buɗe wannan takarda ba, ban san me matan nan suke yi a ƙofarki ba. In abin da nake tsoro ne, kada ki bari in shigo. Ki aiko a faɗa mini a bakin titi.

Ni ne


Ƙamus,

Tana da rai. Na fara da wannan don ka iya karanta sauran. Na ba direba wannan a hannu, na ce ya same ka kafin Lahadi. Kada ka taho.

Matan da ya gani 'yan dubiya ne, da biyu masu jiran kayan makarantar 'ya'yansu. Ranar muka dawo daga asibiti, bayan kwana goma sha tara.

Ga abin da ya faru. Wata 'yar ajinsu ta ce mata in mutum yana reto da hannu yana ƙara tsawo. Motsa jikin da nake ce maka ke nan. Kullum da sassafe, cikin sanyin nan, take fita ta kama ƙarfen shanya ta saki jiki tana ƙirga ɗari. Rigar sanyin ma cirewa take, wai tana yi mata nauyi. Ni ina ɗaki ina murna yarinya ta sami kuzari. Ranar da ciwon ya tashi, a ƙasan ƙarfen na same ta a dunƙule, ta cije leɓe don kada in ji. Ya fara daga hannuwa, ya sauka baya, ya zauna a ƙugu. An yi mata ƙarin jini sau biyu. A rana ta huɗu numfashinta ya canza, na ji irin sautin da na taɓa ji, na fita baranda na riƙe ƙarfe. Allah Ya sa ya tsaya a nan.

A gadon asibiti, da robar ruwa a hannunta, ta ce mini, "Umma, kwanciya tana rage tsawo?"

Takardarka ta ƙarshe na karanta ta a tsaye a shago. Na zauna. Na tashi na ɗauki almakashi, ban san me zan yanka ba, na ajiye. Da kana kusa da na mare ka, kuma da ka tsaya.

Zancen Maɓalli, ka saurare ni sau ɗaya. Ni na ce ka tafi da ita ranar, don ta dame ni ina yanka. Ni ma na ga hadarin. Kana tsammani kai kaɗai kake da wuya? Ni kullum da tsoron nan nake tashi, da shi nake zura zare, da shi nake kallon idon Allura kafin in kalli fuskarta. Tsoronka na yini ɗaya ne da za a ba ka ita, nawa ba ya hutu. Amma ban taɓa yi mata ƙarya a kan jikinta ba. In allura za ta yi zafi, ina ce mata za ta yi zafi. Abin da take da shi ke nan, ta san abin da muka faɗa mata haka yake. Da ka rubuto ka ce, Yaya, ina jin tsoro, da na ce ni ma, mu je tare.

Na yi kwana biyu ina tunanin ko in ɓoye mata. Jiya na karanta mata, ban tsallake komai ba sai zancen yayarta. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce in miƙo mata sandar da aka ba ta a asibiti, ta dogara har shago, ta ce in auna inci uku daga ƙullin zuwa ƙasa in sa alli. Na sa. Ta jingina da bango. Ta wuce layin da inci ɗaya da rabi. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Ashe tun ranar na kai." Na tambaye ta ko akwai saƙo zuwa gare ka, ta ce, "Ba yanzu ba."

Yau da safe likita ya duba hoton ƙugun. Ya ce ƙashin ya taɓu, ba gudu, ba tsalle, ba abin da zai jijjiga ta, sai ya sake dubawa nan da wata shida. Na tambaye shi jirgin fa, ya ce mu bar wannan zancen tukuna. Na ce tukuna ko har abada, ya ce bai sani ba. Ita ma tana wurin, ta ji.

A hanyar gida ta ce duk da haka za ta je. Na ce ki je ki yi me, tunda ba hawa? Ta ce za ta tsaya a ƙarƙashin raƙumin, mutumin nan mara dariya ya duba da idonsa, ya faɗa da bakinsa cewa ta kai. Ta ce kai kuma ka tsaya a inda za ka ji.

Na koma wurin likita, ya yarda da tafiyar in za ta zauna a kujerar gaban mota. Za mu taho da direba ranar Talata ta sama, mu iso da hantsi. Ban duba ko sanyi ya gama tafiya ba, ban tambayi kowa ko zafi ya kusa ba, kai ma kada ka rubuto mini komai a kai. Ka same mu a tasha da ruwa gora biyu, da bargo, da laima. Daga ƙofar filin zuwa wurin raƙumin ba za ta iya takawa ba, ni kuma bayana ba zai ɗauke ta ba. Kai za ka goya ta.

Yayarka